Haɗa kwamfutar gem da laif da ɗan abin da ke aljihunka: ina za ka zuba kuɗi, ina za ka matse

Abin da ya fi ba ni haushi idan mutum ya nuna min jerin kayan da zai saya wai zai haɗa kwamfutar gem da sitirimin, shi ne in ga kes mai gilashi ta gefe uku, fanka shida masu canza kala, kular ruwa, wato abin sanyaya na'ura, mai ɗan sikirin a jikinta, sai na gangara wajen girafik kad, wato abin da ke zana hoton gem, in tarar da abin tausayi, fawa sufulai kuwa, mai raba wa kayan wuta, ko sunan kamfanin babu wanda ya taɓa ji. Kitso da ƙwarƙwata kenan. Wanda zai kalli laif ɗinka ba zai taɓa ganin wutar da ke cikin kes ɗinka ba, abin da zai gani hoton da ya bi ta intanet ya iso wayarsa ne, abin da zai ji kuma muryarka ce, to duk kuɗin da bai taɓa ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba ko santsin gem ɗin a hannunka, ka ajiye shi sai ka yi ƙarfi.

Kafin ka buɗe shafin sayen komai ka zauna ka amsa wa kanka tambaya uku. Wane gem zan riƙa bugawa, a wane irin monita, sannan a ina zan riƙa yin laif ɗin. Kar ka ce "komai da komai", ba amsa ba ce wannan. Mai buga Valorant ko Counter-Strike 2 ko EA Sports FC buƙatarsa daban da mai son Cyberpunk 2077 da komai a ƙure. Gem na gasa irin su Valorant ba su cika wahalar da kad ba, furoseso, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, suke ja saboda ana neman firem, wato hotunan da ke jeruwa a sikirin, da yawa a sakan, su kuwa manyan gem masu labari da hoto kamar fim kad suke tatsa. Batun monita kuma lissafi ne kawai: 1080p ɗigo miliyan 2 ne da ɗan kai, 1440p wajen miliyan 3.7, 4K kuma miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p, kuma kad ɗin ne zai zana kowane ɗigo a kowane firem. Mai ƙaramin bajet ya tsaya a 1080p, ba abin kunya ba ne, yawancin masu kallonka ma a waya suke, wasunsu 720p suke saukar da shi don data.

Yanzu ga wajen da nake so in daɗe a kai, don nan ne mutane ke ɓarar da kuɗi bisa tsohuwar shawara. Idan kana laif kwamfutar aiki biyu take yi a lokaci guda, tana zana gem ɗin, sannan tana matse hoton ya zama bidiyo ɗan ƙarami da zai iya bi ta intanet ɗinka. Wannan matsewar ita ake kira inkodin. Hanya biyu ce. Ko ka ɗora wa furoseso ta hanyar manhajar x264, ko ka bar wa wani ɗan sashe da aka gina a cikin girafik kad wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Na Nvidia sunansa NVENC, na AMD ana cewa AMF, na Intel kuma Quick Sync. A da can hoton da waɗannan sassan ke fitarwa bai da kyau, shi ya sa za ka ji tsofaffin hannu suna cewa dole sai furoseso mai kwa (core, wato sassan da ke aiki a cikinsa) takwas zuwa sama, wasu ma har kwamfuta biyu suke haɗawa, ɗaya ta gem ɗaya ta laif. Amma tun da Nvidia ta fito da jerin RTX 20 a 2018 da gyararren NVENC, zancen ya canza, hoton ya kai matsayin da mai kallo na yau da kullum ba zai bambance shi da na x264 ba, kuma gem ɗinka ba ya jin nauyin sosai. Ma'ana kad ɗaya mai inkoda mai kyau ya ɗauke maka sayen furoseso mai tsada. To ka ga dalilin da ya sa nake cewa kad ne zai ci kaso mafi tsoka, ni a ra'ayina wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin akwatin gaba ɗaya, wani lokacin har ya ɗan wuce ba laifi.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma a ɓangaren masu araha yake. Radeon RX 6500 XT da RX 6400 ba su da inkoda kwata-kwata, an cire musu shi. Mutum zai ga sabon kad da sauƙin kuɗi ya ɗauka, ya zo ya buɗe OBS, manhajar da ake yin laif da ita, ya nemi inkodan kad ya rasa. Ga memori 4GB kacal, ga layin PCIe, wato hanyar da ta haɗa kad da sauran kwamfutar, guda huɗu kacal. Ga mai laif wannan kad ɗin ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Haka GTX 1650 na farko, tsohon samfurin NVENC ne a cikinsa, alhali 1650 Super da 1660 suna da sabon. Sannan ka kula da wasan suna: RTX 3060 akwai mai 12GB akwai mai 8GB, kuma mai 8 ɗin ba memori kaɗai aka rage masa ba, har hanyar da bayanai ke bi an ƙuntata, ya fi rauni. RTX 3050 ma haka, mai 6GB bai kai mai 8GB ba ko kusa. Suna ɗaya a kwali, abu daban a ciki, sai ka karanta ƙananan rubutu.

Waɗanda za ka duba a wannan aji su ne irin RX 6600 mai 8GB, wanda a gem kam kuɗinsa halal ne kuma wat 132 kawai yake ci, RTX 3060 mai 12GB, RTX 4060 da ke cin wajen wat 115, RX 7600, da Intel Arc B580 mai 12GB da ya fito a Disambar 2024. Idan aljihu ya ɗan yi nauyi akwai RTX 5060 da RX 9060 XT na 2025, shi na biyun akwai mai 8GB akwai mai 16GB. Tsakani da Allah idan gem kawai za ka buga, AMD sau da yawa ta fi ba ka firem a kan kuɗinka. Amma idan laif ne gaba, musamman a Twitch, inkodan H.264 (salon matsewar da Twitch ke karɓa) na tsofaffin kad ɗin AMD ya ɗan fi dusashewa idan hoto na motsi da sauri, ciyawa da hayaƙi su dame kamar an shafa musu mai, a nan Nvidia ta fi. Shi Arc kuma inkodansa na da kyau ƙwarai, sai dai yana buƙatar a kunna wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, wato shafin saitin madabod, allon da ake soka komai a kai, idan madabod da furoseso ɗinka tsofaffi ne da ba su da shi, kad ɗin ba zai ba ka ƙarfinsa ba.

Me ya kawo Twitch cikin zancen zaɓen kad? Saboda kowane dandali da abin da yake karɓa. Twitch ya daɗe a kan H.264 da shawarar bitiret, wato yawan bayanan da kake turawa a sakan, wajen 6000 kbps ga 1080p mai firem 60, wannan ƙaramar ƙofa ce, duk kyan gem ɗinka ta nan zai kutsa. YouTube kuwa yana karɓar bitiret mai yawa, yana kuma karɓar AV1, sabon salon matsewa da ke ba da hoto mafi tsabta a bitiret ɗaya. AV1 sai kad na jerin RTX 40 zuwa sama, RX 7000 zuwa sama, ko Intel Arc. Saboda haka mai niyyar YouTube da intanet ɗinsa ba shi da ƙarfin turawa sosai, AV1 zai yi masa rana fiye da ƙarin firem goma a gem. Wanda kuma Facebook ko TikTok ya nufa, ya leƙa ƙa'idar da suka rubuta kafin ya saya, don suna canzawa.

Memorin kad kuma, 8GB shi ne ƙasa a yanzu, kar ka sauka daga nan. Sababbin manyan gem suna cika shi ko a 1080p idan ka ƙure kyan zane, sannan ka tuna OBS ma yana ɗiban nasa kason, kyamara da rubuce-rubucen da ka jera a fuska duk a kad ake haɗa su. Idan memori ya cika ba raguwar firem a hankali za ka gani ba, tsinkewa za ka riƙa ji, gem ya ɗan daskare ya saki, ya daskare ya saki. Shi ya sa har gobe ina ganin girman mai 12GB.

Tunda kad ya ɗauke inkodin, furoseso mai kwa shida da zare goma sha biyu ya ishe ka. Ryzen 5 5600 a gefen AMD, Core i5-12400F a gefen Intel, dukkansu na 2022 ne kuma har yanzu ba su tsufa da aiki ba, kuma na cikin kwali suna zuwa da kula ɗinsu, ba ta da kyau a ido, tana ɗan ƙara, amma tana aiki, ka ga an rage maka sayen abu ɗaya. Harafin F a na Intel yana nufin babu girafik a cikinsa, dole sai da kad, shi ma 5600 haka yake. Kar 5600G ya ruɗe ka don ka ga lamba ɗaya, shi yana da girafik a ciki amma an raba ma'ajiyar gaggawarsa biyu, 16MB maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 ya tsaya, idan dai za ka sa kad to 5600 zalla ya fi shi a gem. Amfanin mai G ɗaya ne, idan kuɗin kad bai haɗu ba kana so ka fara lallaɓawa da ƙananan gem kafin nan.

Babbar shawarar da ke nan ita ce tsohon soket ko sabo, wato gurbin da furoseso ke zama a madabod. AM4, soket ɗin da 5600 ke hawa, da RAM ɗinsa DDR4 sun fi sauƙi, kayansu sun cika ko'ina har na hannu, amma hanya ce da ta zo ƙarshe, iyakar ci gaban da za ka yi nan gaba shi ne irin su 5700X3D mai ma'ajiya 96MB idan ka same shi. AM5 kuwa, da irin Ryzen 5 7600, DDR5 kaɗai yake karɓa, madabod ɗinsa ma ya fi tsada, amma AMD ta ce za ta ci gaba da tallafa masa har 2027 da bayanta, wato nan da wasu shekaru ka cire furoseso kawai ka sa sabo. Ni dai ga yadda nake yanke hukunci: idan tafiya AM5 za ta sa ka sauko da kad ɗinka mataki ɗaya, zauna a AM4, kad ɗin ya fi. Idan kuma bambancin ɗan kaɗan ne za ka iya cikawa ba tare da ka taɓa kad ba, tafi AM5. Mutane na yawan sayen "nan gaba" da kuɗin yau, su ƙare da kwamfutar da ba ta gamsar da su yau ba, gaban kuma da ya zo sai wata hidimar ta cinye kuɗin.

Madabod ba ya ƙara firem, wannan ka riƙe. Aikinsa ya dace da soket, ya ɗauki abin da za ka soka, kar ya yi zafi. B550 ga AM4, B650 ga AM5, B660 ko B760 ga Intel. Na Intel ɗin ka kula, wani DDR4 yake ci wani DDR5, kuma ba sa shiga ramin juna. Girman micro-ATX yawanci ya fi araha kuma ba abin da za ka rasa. Ka duba ko akwai ƙarfen sanyaya a kan sassan wutar da ke kewaye da soket, ramin M.2 na soka SSD ya kai biyu, ramin RAM huɗu idan da hali, sai yawan USB a baya, wannan kam mai laif ya ƙirga da yatsa: kibod, maus, mayik, kyamara, abin kunne, pad, kafin ka ankara sun ƙare. Masu A520 da H610 suna aiki amma an datse musu fuka-fukai. Idan ka ɗauki B450 don araha, PCIe 3.0 ne, kuma sai an sabunta BIOS kafin ya gane Ryzen 5000, to ka tabbata an riga an yi ko yana da maɓallin nan na sabuntawa da filash ba tare da furoseso ba, in ba haka ba ka haɗa komai tsaf ka danna ya yi maka shiru.

RAM sanda biyu, ba ɗaya ba. 8GB biyu sun fi 16GB guda ɗaya, don hanya biyu suke buɗewa. 16GB za ta yi, amma gem a buɗe, OBS a buɗe, Discord, ga burauza da shafi goma kana karanta masu sharhi, sai ka ga ta cika maƙil, idan da hali 32GB ta fi kwanciyar hankali, idan babu fara da 16 ka ƙara daga baya, ai shi ya sa na ce rami huɗu. DDR4 ka nemi 3200 CL16 ko 3600, DDR5 kuma 6000 CL30 shi ne inda Ryzen 7000 ya fi jin daɗi. A madabod mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu daga furoseso ake sawa, littafin zai gaya maka. Sannan don Allah ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke sa RAM gudu a cikakken saurinta, XMP, ko EXPO, ko DOCP, duk sunan da naka ya kira shi. Ni da kaina na yi wata da watanni RAM ɗina na tafiya a 2133 alhali kuɗin 3200 na biya, ina ta zargin kad, ashe maɓalli ɗaya ne ban taɓa ba.

Wajen ajiya ba dogon zance, SSD nau'in NVMe mai 1TB. 500GB za ka ga kamar ta isa sai ka sauke Call of Duty da wasu gem biyu. Kar ka biya ƙarin kuɗi don lambar gudu, na ƙarni na uku yana kai wajen 3500MB a sakan, na huɗu wajen 7000, amma a lodin gem bambancin sakan ɗaya ne ko biyu. Abin da mai laif ke mantawa shi ne rikodin. Bitiret 6000 kbps yana cin wajen 2.7GB a awa, idan kuma kana ɗaukar mai kyau don yanka bidiyo daga baya, a ce 40,000 kbps, 18GB kenan duk awa. A nan tsohon hadis (hard disk) mai juyawa yake da rana, gem a SSD, rikodin a hadis.

To fawa sufulai. Nan ne ba na wasa, don shi kaɗai ne idan ya mutu yake iya tafiya da maƙwabta. Na taɓa sayen wani mara suna da aka rubuta wa wat 700 a jiki, ga fenti ga fanka mai wuta, kyan ɗan maciji, da na ɗaga shi ma na ji ba nauyi amma son araha ya rufe min ido. Yana lafiya a Windows, da gem ya ɗau zafi sai kwamfuta ta mutu ɗif kamar an zare waya, ranar ƙarshe da ƙauri ya yi sallama, Allah ya taimake ni kad bai bi shi ba. Araha ba ta ado. Lambar wat da ke jiki ba ita ce magana ba, kwamfuta mai 5600 da RX 6600 da ƙyar take wuce wat 300 tana tsakiyar gem, saboda haka 550 na kirki ya isa, 650 ya ba ka sarari idan za ka canza kad nan gaba. Tambarin 80 Plus kuma, Bronze ko Gold, yana nuna yawan wutar da ba ta lalacewa ta zama zafi ne, Bronze kashi 85 a rabin lodi, Gold kashi 90, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce, amma wanda ko wannan bai samu ba ka san inda ya dosa. Abin da nake dubawa: sanannen kamfani, gwajin da masu buɗe cikinsa suka yi wa ainihin wannan samfurin, da tsawon garanti, wanda ya ba ka shekara 5 zuwa sama ya yarda da kayansa. Ka duba yana da wayar da kad ɗinka ke so, mai fil 8 ko sabuwar mai fil 16. Kuma idan irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kar ka kuskura ka sa wayar wani fawa sufulai a jikin wani, bakin zai shiga daidai amma tsarin wutar ciki ba ɗaya ba, haka ake ƙona SSD da kad a banza. Idan wutar inda kake tana rawa, UPS ko abin kare hawan wuta shi ma ka sa shi a lissafi tun farko.

Kes kuwa, mai raga a gaba don iska ta shiga, fanka biyu gaba ɗaya baya, shikenan. Ka gwada tsawon kad da tsayin kula da abin da kes ɗin ya ce yana ɗauka, a milimita suke rubutawa. Shafin PCPartPicker yana taimakawa wajen gano abin da bai dace da wani ba, ka jera kayanka a can kafin ka biya ko sisi.

Kayan hannu fa? Nan ake samun rangwame na gaske, nan kuma ake kuka. Furoseso, RAM, kes da kula ba su cika lalacewa ba, saye su na hannu ba damuwa, sai dai na AM4 ka duba fil ɗin da ke ƙasansa ko akwai wanda ya lanƙwashe, na AM5 da Intel kuma fil ɗin a soket ɗin madabod suke, can za ka haska da tocila. Kad na hannu ana saye, amma sai an kunna a gabanka, ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko abin da ke kwali shi ne a ciki don akwai jabu da ake canza wa suna, ka sa manhajar gwajin kad ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi, kana sauraren fanka, kana duba ko wasu ɗige-ɗige ko layuka za su fito a sikirin. Wanda ya ce "ai lafiya lau yake, ba sai an gwada ba", gaishe shi ka wuce. SSD na hannu CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi. Fawa sufulai kam sabo, ban yarda da na hannu ba. Sannan masu haɗa tsofaffin kwamfutocin ofis su sa musu kad, dabara ce mai kyau a da, amma ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana son sashen tsaro na TPM 2.0 da Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, ga shi irin waɗannan akwatunan sau da yawa fawa sufulai ɗinsu ƙarami ne mai waya ta daban.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ƙarar da kuɗi kaf a akwati, ya zo ranar laif ta farko da mayik ɗin abin kunne mai shiii kamar ana suya. Mutane za su jure hoto mai ɗan dishi-dishi, ba za su jure mummunan sauti ba, minti ɗaya sun fice. Ware wani abu tun farko don mayik na USB, kuma idan ɗakinka akwai hayaniya, fanka ko yara ko titi, nau'in dainamik ya fi kondensa, don shi kondensa har motsin kujerar maƙwabci yake kwasowa. Matso da shi kusa da baki, wannan kaɗai ya fi duk wani filta. Kyamara kuwa wayarka ta isa da farko, akwai manhajojin da ke mayar da ita kyamarar kwamfuta, kuma fitila ɗaya a gabanka ta fi sabuwar kyamara a cikin duhu. Kafca kad, mai ɗauko hoto daga wata na'ura zuwa kwamfuta, ba ka buƙatarsa idan a kwamfutar kake gem, na masu PlayStation ne ko kwamfuta biyu. Monita 1080p mai 144Hz ko 165Hz da FreeSync ya wadatar, na biyu don karanta sharhi ko tsohuwar talabijin ce ta yi.

Intanet kuma ba saurin saukewa ake dubawa ba, saurin turawa ne. Idan za ka tura 6000 kbps ka samu aƙalla 10 Mbps na turawa mai tsayawa, ba mai hawa da sauka ba, idan bai kai ba sauko 720p da bitiret 3500 zuwa 4500, ya fi 1080p mai yankewa sau dubu. Kuma ka ja waya daga rauta zuwa kwamfuta, Wi-Fi sai dole.

Ranar haɗawa, ka fara gwada kayan a kan kwalin madabod kafin ka cusa su a kes, idan akwai matsala ka gane da wuri. Wayar monita a jikin kad ake sokawa, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba, wannan ya sa mutane da yawa sun zaci kad ɗinsu matacce ne. Idan AM5 ne kunnawar farko za ta iya ɗaukar 'yan mintuna sikirin baƙi yana gwada RAM, kar ka firgita ka kashe. Bayan Windows ta hau ka shiga saitin monita ka ɗaga shi zuwa 144, don sau da yawa a 60 yake zama sai ka canza da hannu. A OBS zaɓi inkodan kad, ka sa CBR, wato bitiret tsayayye, wajen tazarar kifirem (keyframe interval) ka sa sakan 2, sannan ka sa wa gem ɗin iyakar firem, kar ka bar shi ya ja kad kashi 100, OBS ma yana son ɗan wurin numfashi, in ba haka ba kai kana ganin santsi masu kallo na ganin tsalle-tsalle. Buɗe OBS a matsayin admin yana taimakawa a nan.

Kafin ka gayyaci kowa yi gwajin rabin awa da tagar Stats ta OBS a buɗe, lambobi uku za ta nuna maka kuma kowacce da mai laifinta. Firem da suka ɓace wajen zane, kad ne ya cika, rage kyan gem ko iyakar firem. Waɗanda aka tsallake wajen inkodin, inkoda ne ya gaza, sauko da ingancinsa mataki ɗaya ko ka koma 720p. Waɗanda suka zube a hanya kuma intanet ne, rage bitiret ka duba wayar rauta, wannan ko ka canza kad sau goma ba zai gyaru ba.